Littafi Abokin Tafiya

Muna gaida dattawanmu maza da mata, da malaman aji, da ku ɗalibai waɗanda kuka jure wata da watanni har kuka iya karatu da rubutu. Yau ba za mu yi maganar baƙi da wasali ba, wannan kun wuce shi. Maganar da ta tara mu ita ce yadda mutum zai riƙe abin da ya samu, kada ya suɓuce masa.

Domin kuwa karatu yana suɓucewa. Duk malamin da ya daɗe yana koyar da manya ya san haka. Mutum ya gama aji, an ba shi takardar shaida, ya kai gida ya adana a ƙasan adaka. Bayan shekara biyu a miƙa masa wasiƙa, sai ka ga yana jujjuya ta, yana neman yaron da zai karanta masa. Karatu kamar hanyar gona ya ke. In ana binta kullum tana nan fes, in an bar ta damina guda sai ciyawa ta rufe ta.

In ka tambayi irin wannan mutum dalili, ba zai ce ba ya son karatu ba. Cewa zai yi, "Ina na ga lokaci?" Tun asuba ya fita, sai bayan magariba ya komo a gajiye, ga iyali, ga shi wata rana ba wutar lantarki. Gaskiyarsa ce. Amma akwai wani lokaci da ya manta bai lissafa ba, watau lokacin da ya ke zaune cikin mota, tsakanin gida da wurin aiki.

Bari mu yi lissafi

A zamanin nan mutane da yawa ba a unguwar da su ke kwana su ke neman abinci ba. Wani yana kwana a Mararaba ko Suleja, aikinsa yana cikin Abuja. Wani yana tasowa daga Gezawa ko Wudil ko Bichi, ya zo Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a Kano. Wata tana shiga bas ko a-daidaita-sahu ko wace safiya, ta tafi inda ta ke shara ko dafa abinci.

To, mu ɗauki wanda tafiyarsa ba ta da nisa, rabin awa zuwa, rabin awa komowa. Awa guda ke nan a yini. In yana aiki kwana biyar a mako, awa biyar ke nan. In ya yi mako 48 a shekara, bayan an fid da hutu da bukukuwa da ranakun rashin lafiya, ya sami awa 240. Raba awa 240 bisa yinin aiki mai awa takwas, za ka sami kwana 30 cif. Watau ko wace shekara wannan mutum yana da wata guda cur wanda ya ke zaune kurum, hannu sake, yana kallon ƙeyar direba. Ba mu ma sa jiran mota ta cika a tasha ba, alhali kuwa kun san wata rana jiran ya fi tafiyar tsawo.

A ce sabon mai karatu ne, shafi guda ya kan ci masa minti biyar. Cikin awa guda zai karanta shafi 12, cikin mako shafi 60. A ce ma rabin lokacin kaɗai ya samu, saboda matsi da gargadar hanya. Shafi 30 ke nan a mako. Ɗan littafi mai shafi 60 zai ƙare cikin mako biyu, a shekara kuwa littafi 24. Mu nawa ne a wurin nan muka taɓa karanta littafi 24? Ga shi kuwa ba a taɓa lokacin aiki ba, ba a taɓa na barci ba, ba a rage wa iyali kome ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Yadda abin ya faro a Ingila

Ba mu muka fara wannan tunani ba. Bari mu ba ku labarin mutanen Ingila, domin a can ne aka fara jirgin ƙasa, a can kuma an buga littattafai musamman saboda matafiya.

Kafin jirgin ƙasa, matafiya a Ingila karusa su ke shiga, wadda dawaki ke ja. Tana girgiza, tana tsalle bisa duwatsu, da wuya mutum ya tsai da idonsa kan takarda. Cikin 1830 aka buɗe hanyar jirgi tsakanin Liverpool da Manchester, kimanin mil talatin. Tafiyar da karusa kan yi cikin wajen awa huɗu, jirgi ya riƙa yinta cikin wajen awa biyu. Kafin a yi shekara ashirin dogo ya ratsa ƙasar ko'ina.

Jirgi bisa dogo ya ke tafiya, ba ya tsalle irin na karusa. An kuma rarraba taragon ɗaki-ɗaki, mutum shida ko takwas suna zaune suna fuskantar juna, ba wanda ya san wani. In mutum ya gaji da leƙen taga, ba kuma ya son ya ƙura wa baƙo ido, me zai yi? Sai ya buɗe jarida ko littafi. Da haka karatu ya shiga jirgi.

Da fari kamfanonin jirgi su kan ba ma'aikatansu da suka naƙasa wajen aiki, ko matan waɗanda suka mutu, izinin kafa tebur a tasha. Suna sayar da jarida da ɗan abin taɓawa da tarkacen littattafai, abin da ya samu kurum. Sai wani saurayi mai suna William Henry Smith, wanda ubansa dillalin jaridu ne a Landan, ya ga akwai ciniki a nan. Ya nemi izinin kamfanin jirgi, ran 1 ga Nuwamba 1848 ya buɗe rumfar littattafai a tashar Euston cikin Landan. Ciniki ya kankama. Kafin shekara ashirin rumfunansa sun bazu a yawancin manyan tashoshin Ingila. Cikin 1860 ya ƙara da ba da aron littattafai. Mutum ya biya kuɗi, ya riƙa ɗaukar littafi a tasha, in ya gama ya mayar ya ɗauki wani. Wannan aro bai tsaya ba sai cikin 1961, watau ya yi shekara ɗari da ɗaya.

Sai maganar tsada. Dattawanmu sun san kuɗin da za mu ambata, domin da irinsu aka yi ciniki a ƙasar nan kafin naira ta zo cikin 1973. Amma saboda yara, fam guda sule ashirin ne, sule guda kwabo goma sha biyu, sisi kuwa rabin sule. A zamanin da mu ke magana, sabon littafin labari a Ingila kashi uku a ke buga shi, manya-manya masu kaurin bango, kuɗinsu sule talatin da ɗaya da sisi. Wannan ya fi ladan lebura na mako biyu. Ba ya shiga aljihu, ba kuma ya sayuwa. Sai wani mai buga littattafai, George Routledge, ya fara fito da jerin littattafai ƙanana waɗanda ya sa wa sunan jirgin ƙasa, ko wanne sule guda. Cikin shekara hamsin aka buga fiye da iri dubu. Waɗansu suka bi sawunsa, suna yi wa nasu bango ruwan ɗorawa da hoto mai ɗaukar ido, don matafiyi mai sauri ya hango tun daga nesa.

Amma har lokacin masu ɗan hali ne ke saye, domin talakawa da yawa ba su iya karatu ba. Ku lura da abin da ya biyo baya. Cikin 1863 aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya a Landan. Cikin 1870 aka yi dokar kafa makarantun firamare ko'ina a Ingila, cikin 1880 aka tilasta sa yara. Cikin 1883 aka yi dokar da ta sa kamfanonin jirgi su tanadi jirage masu arha saboda ma'aikata, safe da yamma. Sai ga dubban mutane sababbin shiga karatu, suna kwana a bayan gari, suna shiga jirgi sau biyu a yini. Wani mai suna George Newnes ya gane irin abin da su ke bukata. Cikin 1881 ya fara buga wata takarda ta mako-mako mai suna Tit-Bits, kwabo guda, cike da gajerun labarai waɗanda mutum zai gama ɗaya kafin jirgi ya kai tasha ta gaba. Manyan masana sun raina ta. Amma da irinta leburori da akawuna da 'yan mata masu aikin kanti suka saba da karatu har ya zame musu jiki.

Littafin sisi

Saura labari ɗaya. Ana cewa cikin 1934 wani mai buga littattafai, Allen Lane, yana komowa Landan daga ziyarar marubuciyar nan Agatha Christie, ya tsaya jiran jirgi a tashar Exeter. Ya duba rumfar tasha bai sami abin kirki mai arha da zai karanta ba. Ko a nan tunanin ya zo masa ko a wani wuri, abin da ya tabbata shi ne cikin watan Yuli 1935 ya fito da littattafai goma na marubutan kirki, masu bangon takarda, daidai aljihu, da sunan Penguin. Ko wanne sisi, watau kuɗin kwalin taba na lokacin. Ya bambanta su da launi. Na labari ruwan lemo, na binciken masu laifi kore, na tarihin rayuwar mutane shuɗi, don mai sauri ya san abin da ya ke ɗauka. Masu kantin littattafai da yawa suka ce ba riba a littafin sisi. Amma kantunan Woolworths suka sari dubbai, kafin shekara ta kewayo an buga fiye da miliyan guda.

Sauran ƙasashe ma haka aka yi. A Faransa Louis Hachette ya fara sayar da littattafai a tashoshin jirgi cikin 1853. A Indiya aka kafa kamfanin A. H. Wheeler a garin Allahabad cikin 1877, rumfunansa suka bi dogo har ƙasar ta ɗauka. A Jamus kamfanin Reclam ya kakkafa na'urori a tashoshi tun daga 1912, ka jefa kuɗi ɗan littafi ya faɗo. A Japan kamfanin Iwanami ya fara buga ƙananan littattafai cikin 1927, tsawonsu wajen santimita goma sha biyar, har yau kuwa ana buga irinsu. Kamfanin nan na Smith ma, da ya sayar da kantunansa na cikin garuruwan Ingila cikin 2025, bai saki na tashoshin jirgin ƙasa da na filayen jirgin sama ba. Ya san inda mai saye ya ke.

To, me muka gani cikin labarin nan? Abu uku ne suka haɗu. Na ɗaya, an koya wa talakawa karatu. Na biyu, suna da lokacin zama a hanya kullum. Na uku, an sami ƙaramin littafi mai arha a hannunsu. Da ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, da abin bai yiwu ba. Mu a nan, na ɗaya kun same shi a aji. Na biyu kuna da shi, har ya yi muku yawa. Na uku ne ya rage, shi kuwa a hannunku ya ke.

Wane littafi za a ɗauka?

Kada wani ya ce ai wannan a ƙasar Turawa ne, mu ba mu da irin littattafan. Muna da su, da harshenmu. Cikin 1933 aka yi gasar rubuta labarai da Hausa, wadda Rupert East na ofishin talifi ya shirya. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Dukansu 'yan ƙanana ne, suna shiga aljihun riga. Bayansu Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, labari bayan labari, ko wanne a iya gama shi a zama ɗaya ko biyu. Tun daga shekarun 1980 kuma marubuta maza da mata a Kano da sauran garuruwa suka yi ta fito da littattafan labari masu arha, kashi-kashi. Akwai na sana'a, da na kiwon lafiya, da na tarihi, ga kuma littattafan makaranta da yaranku suka gama da su suna jibge a gida.

Ga shawararmu wajen zaɓe. Littafin hanya ya zama ƙarami, wanda za a riƙe da hannu ɗaya, domin ɗaya hannun yana riƙe da kaya. Baƙaƙensa su zama manya. Ya zama an rarraba shi babi-babi gajeru, don in an iso ka sauka ba ka tsinke zaren labari ba. Abu mafi girma, ya zama wanda ka ke jin daɗinsa. Kada ka fara da littafi mai wuya don a ce kai malami ne. Wanda ya fara da abin da ya fi ƙarfinsa, kwana uku zai ajiye. Labari mai daɗi shi ke jan mutum ya buɗe shafi na gaba, yawan buɗe shafi kuwa shi ke kawo saurin karatu.

Maganar jiri

Mun san wani zai ce, "Ni in na duba takarda a mota sai jiri ya kama ni, zuciyata ta riƙa tashi." Ba ƙarya ya yi ba, ba kuwa wata cuta ce ba. Ga dalilin. Can cikin kunnen ɗan Adam akwai waɗansu 'yan bututu masu ruwa a ciki. Su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana tsaye, ko yana tafiya, ko yana karkata. In kana karatu a mota, ido yana kallon takarda wadda ba ta motsi, yana cewa a zaune mu ke. Kunne kuwa yana jin kwana da burki da rami, yana cewa tafiya mu ke yi. Shaidu biyu sun saɓa, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, jiri ya taso. Shi ya sa abin ya fi tsanani a ƙaramar mota bisa hanya mai gargada, ya fi sauƙi a babbar bas, a jirgin ƙasa kuwa mutane da yawa ba su jin kome. Wanda ya taɓa shiga jirgin Kaduna zuwa Abuja, wanda aka buɗe cikin 2016, ya san mutum na iya karatu tun daga Rigasa har Idu.

Maganinsa ba wuya. Yi karatunka lokacin da mota ke tsaye, watau sa'ad da a ke jiran ta cika, da sa'ad da aka shiga cunkoso. Wannan kaɗai ya isa shafi biyu ko uku. In tana tafiya, bari sai an hau miƙaƙƙiyar kwalta. Nemi wurin zama ta gaba ko kusa da taga inda iska ke shiga. Ɗaga littafin sama kaɗan, kada ka sunkuyar da kai bisa cinya. In ka kai ƙarshen shafi ɗaga kai ka dubi nesa. Da ka ji alamar jiri rufe littafin, ka tsai da ido can gaba inda hanya ta ƙure, kada ka yi gardama da jikinka. Wanda kuwa jiri ba ya barinsa ko kaɗan, ya tsaya ga karatun tasha.

Akwai kuma maganar ido. In mutum ya ba shekara arba'in baya, idonsa ya kan fara kasa ganin abu na kusa. Sai ka ga yana nesanta takarda, yana miƙe hannu. Wannan girma ne, kusan kowa zai same shi. Dattawa da yawa sun bar karatu suna zaton kansu ne ya toshe, alhali tabarau kurum su ke bukata. A je asibitin ido a auna, tabaran karatu ba su cikin masu tsada. Kada kuma a yi karatu cikin duhu. In rana ta faɗi, a mayar da littafi aljihu.

Sa'an nan akwai waɗanda wannan jawabi bai shafe su ba sam. Direba, da mai tuƙa a-daidaita-sahu, da ɗan acaɓa, da wanda aka goya a babur, da mai tafiya a ƙasa bakin titi, ba ruwansu da littafi sai sun tsaya. Direba yana da nasa lokacin, sa'ad da ya ke jiran layi ya zo kansa a tasha, wani lokaci ma ya fi na fasinja yawa.

Ladabin karatu cikin jama'a

Mu ba Turawan Ingila ba ne da za mu shiga mota mu ɓuya bayan takarda ba sallama. In ka shiga, gai da mutane tukuna. In dattijo na yi maka magana, rufe littafi ka saurare shi. Biya kuɗin mota, san inda kayanka su ke, san inda za ka sauka, sa'an nan ka buɗe.

A aji kun saba karatu da ƙarfi. A mota sai a koyi karatun zuci. Da fari leɓe zai riƙa motsi, ba laifi. Bin layi da yatsa ma ba laifi. Sannu a hankali leɓe zai tsaya, ido ya riƙa ɗaukar kalma biyu ko uku gaba ɗaya. Ranar da ka ga haka, ka san karatunka ya nuna.

Babban abokin gaba shi ne kunya. Magidanci da furfura ya kan ji nauyin a gan shi yana bin layi da yatsa, ga ɗan makaranta kusa da shi. Ku ji mu da kyau, iyayenmu da yayyenmu. Gemu ba ya hana ilmi. Yawancin mutanen cikin motar ba su ma lura da kai ba, kowa da abin da ya dame shi. Wanda ya lura kuwa, in mai hankali ne sha'awarka zai yi. In kalma ta gagare ka, tambayi na kusa da kai, matambayi ba ya ɓata. In ba ka son tambaya, ja mata layi da fensir ka wuce, ka kawo wa malam ko ɗanka da dare. Kada kalma ɗaya ta tsare ka a shafi.

In ka komo gida, ba iyali labarin abin da ka karanta yau. Wannan ita ce jarrabawar da ba ta ƙarya. In ka iya maimaita shi da bakinka, ka fahimta. In ka kasa, koma ka sake karantawa gobe. Yara kuwa in sun ga uwa ko uba da littafi kullum, ba sai an yi ta yi musu faɗan makaranta ba.

Waya fa?

Wani zai ce ai yanzu kowa da waya a hannu. Gaskiya ne, akwai littattafan Hausa da yawa da a ke karantawa a waya, wanda ya karanta su kuwa ya yi karatu. Amma ku auna da kanku. Waya tana son caji, tana son kuɗin data. Kana tsakiyar layi saƙo ya shigo, ka leƙa, daga nan sai hoto, sai bidiyo, har a iso ba ka koma ba. Ga kuma masu ƙwace, waɗanda ke fizge waya ta taga a cunkoso. Ba mu taɓa jin an tare mutum don a ƙwace masa ɗan littafin labari ba.

Akwai kuma littattafan da a ke karantawa a rediyo ko a waya, mutum ya sa abin ji a kunne ya saurara. Suna da amfani, musamman ga mai jiri. Sai dai ku sani, saurare kunne ya ke koyarwa. Ku kuwa ido ne ku ke so ya saba da baƙi. Wanda ya tsaya ga saurare kaɗai zai san labari da yawa, amma ranar da aka miƙa masa takarda yana nan inda ya ke.

In kuɗin littafi ya yi wuya

Ku yi adashi. Ku goma da kuka gama aji tare, ko ku ke shiga mota a tasha ɗaya, kowa ya sayi littafi guda, kada biyu su sayi iri ɗaya. Ko wane mako biyu ku yi musaya. Kowa zai karanta goma da kuɗin ɗaya. A rubuta sunan mai shi a cikin bango, a naɗe bangon da takarda mai kauri, a sa cikin leda saboda gumi da ruwan sama. A sami mutum ɗaya mai riƙe da ɗan littafin lissafi, yana rubuta wa ya ɗauki me, ran nawa ga wata. Wannan ma karin aikin rubutu ne. Wanda ke kusa da laburare kuma ya je ya tambayi yadda a ke aro.

Jama'a, ba don labarin Alhaji Imam ko yaƙe-yaƙen Ganɗoki kaɗai mu ke wannan dogon bayani ba. Idon da ya saba da labari a mota, shi ne zai karanta takardar magani ya san sau nawa za a ba yaro a yini. Shi ne zai karanta saƙon banki ya san ko kuɗi sun shiga da gaske. Shi ne zai karanta takardar fili ko ta bashi tun daga sama har ƙasa, kafin a ce masa sa hannu a nan. Mutane nawa suka rasa gona don sun dangwala yatsa bisa abin da ba su sani ba? Kun sha wahala kafin ku fita daga cikinsu. Kada ku yarda ku koma.

Abin da mu ke roƙonku kaɗan ne. Yau da dare, sa'ad da ku ke ware kuɗin motar gobe, ku haɗa da littafi da guntun fensir, ku sa aljihu ɗaya ko jaka ɗaya. Gobe ku karanta shafi guda kafin mota ta tashi. Jibi ma haka. Bayan wata ɗaya za mu sake taruwa a nan, kowa ya zo da littafinsa ya gaya mana inda ya kai, da kalmomin da ya ja wa layi. Sannu ba ta hana zuwa.